Kantar Littattafan Baba

Duk wanda ya shiga ɗakin Baba a gidanmu, kafin ya samu wurin zama idonsa zai faɗa kan wani layi mai launin ƙasa da ya bi jikin bango daidai ƙugun babban mutum. Da muka zo yin fenti, mun shafe ko'ina, amma Baba ya ce a bar masa kamu ɗaya na layin nan a bayan ƙofa. Can ruwa ya tsaya a gidanmu ranar Talata, 10 ga Satumba, 2024, bayan madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle cikin dare.

Ba sai mun ba ku labarin ranar ba, tare muka gan ta. Mu nan Hausari ma sai dai mu ce alhamdu lillahi in muka tuna 'yan'uwanmu na Gwange da waɗanda ke bakin kogin Ngadda, inda wasu sai rufin kwano ya cece su. Ruwa ya ci Kasuwar Litinin, ya shiga fadar Shehu, ya shiga asibitin koyarwa, har namun gidan zu ya fito da su. Manyanmu da suka ga ambaliyar 1994 sun ce waccan ƙanwa ce. Mu dai mun fita da rayukanmu da kayan jikinmu da wayoyi a cikin leda. Da muka dawo bayan kwanaki, katifu sun tafi, buhun gero ya tsiro, amma ba su ne suka sa Baba ya zauna a dokin ƙofa ya kasa magana ba. Adakarsa ce.

Adaka ce ta ƙarfe, irin ta da, tana ƙarƙashin gado tun kafin a haifi yawancinmu. A cikinta littattafansa suke: Ahalari da Ishmawi da ya fara da su yana yaro, Iziyya, Risala, Muwaɗɗa, Jalalaini, da wasu da yawa da ya cika gefensu da rubutun hannunsa na shekara arba'in. Takardar gida ma tana ciki, da takardun makarantarmu. Da aka buɗe, sai muka tarar da abu kamar kunun da ya kwana. Mun yi ta shanya shafi-shafi a kan tabarma, muna danne su da duwatsu. An ceci kamar rabi. Takardar gida ta tsira saboda tana cikin leda, sauran kuwa tawada ta bi ruwa.

Abu ɗaya ne ruwa bai taɓa ba. Kakanmu ya taso daga ƙasar Kano yana saurayi ya yi gabas neman karatu, kamar yadda aka saba a zamaninsu, ya zauna a Yerwa har Allah ya yi masa rasuwa. Ya bar Alƙur'ani rubutun hannu, da salon rubutun nan na Barno mai kauri, a cikin gafaka. Gafakar tana rataye a ƙusa, sama da tsayin mutum, inda shi da kansa ya saba rataye ta. Ko laima ba ta ji ba. Inna ta dube ta, ta dubi adakar, ta ce, "Malam, mutanen da ba banza suke rataye abu ba." Kuma gaskiya ce. A gidajen ƙasa na iyayenmu akwai alkuki a jikin bango, akwai ragaya, akwai maratayi. Mu da muka koma ginin bulo sai muka sauko da komai ƙasa, muka tura ƙarƙashin gado.

A ranar Baba ya yanke hukunci: daga yau takarda ba za ta ƙara kwana a ƙasa ba a gidan nan. A yi kanta a jikin bango, sama da layin ruwa da kamu huɗu.

To, faɗa da sauƙi. Kun tuna yadda watannin nan suka kasance. Kafintan layinmu yana da ƙofofi da gadaje da suka kumbura jibge har bakin titi. Mai walda kuwa ƙyauren gidajen mutane da ruwa ya ɓamɓare yake fama da su, in ka zo masa da maganar ƙafar kanta sai ya dube ka kamar ka zo gidan makoki neman rance. Ya ce mu dawo bayan sati uku. Nan ne Auta ya ɗaga hannu.

Autanmu ya gama Ramat Poly, aiki bai samu ba, sai gyaran waya a rumfar wani abokinsa. Watanni kafin ambaliya ya lallaɓi Inna ta ba shi kwasar adashinta, ya sayo wata na'ura ta hannu daga Kano. Firinta ce, in ji shi, amma ba takarda take bugawa ba, abu take ginawa. Mu kam a lokacin mun ɗauka kuɗin Inna ya bi ruwa tun kafin ruwan ya zo. Abin da muka ga tana fitarwa bai wuce maƙalin makulli da mazaunin waya ba. Ta tsira daga ambaliya ne don a saman durowa take, wato ita ma darajar sama ta ci.

Ga waɗanda ba su taɓa ganin irinta ba, aikinta ba wani sihiri ba ne. Akwai zaren roba mai kaurin milimita 1.75, naɗe a kan faifai, kilo ɗaya kowane naɗi. Na'urar tana jan zaren ta tura shi cikin wani ɗan baki mai zafin digiri 200 ko fiye, ya narke, bakin yana yawo yana zuba shi siriri a kan faranti. In ya gama shimfiɗa ɗaya sai ya ɗaga kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin biyar na milimita, ya ɗora wata. Haka har abin ya tashi. Inna da ta tsaya ta kalla ta ce ai wannan ginin tukunya ne, yadda mai ginin tukwane ke murza yumɓu ta ɗora zobe a kan zobe. Ba mu taɓa jin bayanin da ya fi nata ba. Siffar abin kuma a kwamfuta ake zana ta. Auta ya sha ba mu labarin wani mutumin Lome, Afate Gnikou, da ya haɗa irin wannan na'ura a 2013 da tarkacen tsofaffin kwamfutoci da firintoci da ya tsinto a bola. Yana faɗar labarin ne duk sanda aka yi masa gori, don a san ba abin Turawa kaɗai ba ne.

"Baba, ka ba ni kwana huɗu," in ji shi. Baba ya ce, "Roba ce za ta ɗauki Muwaɗɗa?" Auta ya ce za ta ɗauka. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba, wanda a gidanmu e ke nan.

Kwana huɗun sun zama tara. Kowace ƙafa tana cin awa shida zuwa bakwai a kan na'ura, kuma in wuta ta ɗauke a tsakiya, aikin ya lalace. Tun da aka kayar da turakun wuta na hanyar Damaturu a Janairun 2021 muka koma dogaro da sola kamar kowa, amma batirinmu ya ji jiki. Sai aka tsara a kunna na'ura da hantsi, a kashe fanka da firji har la'asar. Ƙafa biyu sun mutu a hanya ranar da hazo ya rufe rana. A ƙarshe dai aka samu uku, farare tas, masu siffar kusurwa. Muka sayo katako a wurin 'yan katako na titin Baga, muka huda bango, muka cusa 'yar robar nan da kafintoci ke kira fisha, muka ɗaure. Aka jera littattafai, waɗanda aka ceto da waɗanda abokan Baba suka kawo masa gudummawa. Auta har lilo ya yi a jikin kantar don ya nuna mana ƙarfinta, kuma wallahi ko motsi ba ta yi ba.

Wannan a cikin Disamba ne, lokacin da muke kwana da bargo.

Azumi ya zo ya wuce, aka yi ƙaramar Sallah a ƙarshen Maris, sai Afrilu ya shigo da zafin da kuka sani, irin wanda ake wuce digiri 40 a inuwa, ƙarfen ƙofa ya gagari hannu. Inna ce ta fara lura. Ta ajiye kwalbar turaren Baba a kan kanta, ta juya, sai ta ji ta a ƙasa. Ta mayar, washegari ta sake gangarowa. Ta gaya wa Auta, ya ɗaga kai ya duba ya ce, "Inna, idonki ne." Mu ma da muka duba ba mu ga komai ba, ko kuma ba mu so mu gani ba.

Bayan kamar kwana goma, da rana tsaka, muka ji rugugi daga ɗakin Baba. Littattafai ne suka zubo gaba ɗaya a kan buzunsa, daidai inda yake zama yana ba yaran layi karatu bayan la'asar. Da abin ya jinkirta da awa biyu, da a kan kawunan 'ya'yan mutane zai sauka. Har yau in muka tuna sai gabanmu ya faɗi. Kantar ba ta karye ba. Ƙafafun ne suka sunkuya kamar kyandir da aka manta a rana, katako ya karkace, kaya suka sulmiyo. Ɗaya daga ciki ta tsage a kusurwa, tsaga miƙaƙƙiya kamar an yanka da reza. Ta gefen taga kuma fishar sama ta fito da guntun filasta a jikinta.

Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya durƙusa yana tsince littattafansa ɗaya-ɗaya yana kaɗe su, ya ce a ɗauko masa adaka. Auta ya kwana biyu bai ci abincin kirki ba. Mu yayyensa, gaskiya, ba mu taimaka ba. An yi maganganu a tsakar gida da bai kamata a yi ba, har da tonon kuɗin adashi.

Wanda ya gyara lamarin shi ne mai waldan nan da ya ce mu dawo bayan sati uku. Dattijo ne, tsaran Baba, tare suke sallar asuba. Ya ji labari ya zo da kansa, ya karɓi ƙafar da ta tsage yana jujjuya ta. Mun zaci zai ce da ma ya faɗa. Sai ya ce da Auta, "Zo nan, ɗana. Wa ya ce maka ana yin ƙafar kanta ba tokari?" Ya tsuguna ya zana kusurwa a ƙasa da ƙusa, ya ja layi ya haɗa bakin biyun. Ya ce ko ƙarfe ne, in ka lanƙwasa shi kawai ka ɗora masa kaya, duk nauyin a gwiwar yake taruwa, kuma wata rana zai buɗe. Amma in ka sa tokari ya zama kusurwa uku, nauyin sai ya bi tokarin ya koma jikin bango. Sannan ya nuna mana abin da ba mu taɓa tunani ba: notin sama da na ƙasa ba aiki ɗaya suke yi ba. Na ƙasa, kaya danna shi suke yi cikin bango. Na sama kuwa fizgo shi suke yi waje dare da rana. Ya ƙwanƙwasa bangon da bayan sukudireba, wani wuri ya yi ƙara kamar ganga, wani wuri ya yi shiru. "Kun huda daidai ramin bulo," in ji shi. "Kuma bulon zamanin nan, yashi ya fi siminti yawa, ga shi ya sha ruwa. Ko zinare ka ɗaure a nan sai ya fito."

Sauran bayanin Auta ne ya tono shi da kansa, dare biyu yana karatu a waya. Zaren da ya yi aiki da shi sunansa PLA, daga sitacin masara ko rake ake yin sa. Shi ya fi sauƙin bugawa, shi ya fi arha, kuma a sanyi yana da tauri sosai, shi ya sa lilon Disamba bai nuna komai ba. Amma yana fara laushi tun wajen digiri 55 zuwa 60, kuma in akwai kaya a kansa dare da rana, tun kafin a kai nan yake fara miƙewa a hankali. Ɗakin Baba kuwa silin ɗinsa ya lalace tun damina ba a mayar ba, bangon yana kallon yamma, kantar tana can sama kusa da kwano. Wanda ya zana irin ƙafar da Auta ya kwaikwaya, wataƙila a ƙasar da ake kunna wuta a ɗaki don ɗumi yake zaune. Bai san Yerwa a watan Afrilu ba. Tsagar nan miƙaƙƙiya kuma laifin yadda aka ɗora ta a faranti ne. A tsaye ya buga waccan ƙafar, sai layukan robar suka kwanta daidai inda nauyi ke son raba su. Kamar itace ne: in ka bi tsawonsa da gatari nan da nan zai tsage, in ka gitta sai ka sha wuya.

Ya zo ya samu Baba bayan isha'i, muna zaune. Ya ce, "Baba, na gane inda na yi kuskure, wuri uku ne. Ka bar ni in sake." Baba ya daɗe bai amsa ba. Can ya ce, "Ka sake. Amma ba littafina za ka fara ɗora mata ba."

A karo na biyu an sauya kusan komai. Aka aiko da wani zare daga Kano a motar haya, PETG, ɗan'uwan robar da ake yin gorar ruwan sha da ita. Shi sai wajen digiri 80 yake laushi, kodayake ya fi wuyar sha'ani, yana son zafin baki kamar 240, kuma yana barin zare-zare kamar yanar gizo da sai an bi da wuƙa. Aka zana ƙafa mai tokari, aka kwantar da ita a gefenta a kan faranti don kowane layi ya zagaye kusurwa ukun gaba ɗaya ba yankewa. Aka ƙara kaurin bangon robar, domin ashe ƙarfin abin a fatarsa yake fiye da cikinsa. Aka yi huɗu maimakon uku. Aka sa washa mai faɗi a ƙarƙashin kan kowane noti don kada ƙarfe ya nutse cikin roba. Ramin sama kuwa, bisa shawarar dattijon, aka huda bangon har ya ɓulla tsakar gida, aka zura dogon noti, aka tare shi ta waje da guntun ƙarfe mai faɗin tafin hannu. Shi ya yanko mana guntayen, ya ƙi karɓar ko sisi. In kun shigo gidanmu za ku gan su huɗu a jere a bangon waje, ba su da kyan gani, Inna na rataye tsintsiya a ɗaya.

Akwai wuri ɗaya da robar ta yi abin da ƙafar kasuwa ba za ta yi ba, kuma adalci ne mu faɗa. Bangon ɗakin Baba ba a miƙe yake ba, ya ɗan kwanto ciki, kuma kwantowar ba daidai take ba daga wannan gefe zuwa wancan. Wanda ya gina shi ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, ba za mu yi da shi ba. Auta ya saki zare da dutse a wurare huɗun, ya auna, ya zana wa kowace ƙafa kusurwarta daban, har da ɗan karkata baya kaɗan don ko kaya za su zame, su zame wajen bango. Ya kuma yi wa kowace ɗan leɓe a gaba da ke riƙe katako. Da aka ɗora, aka sa tiyo mai ruwa aka gwada, bakin nan da bakin can daidai.

Sai gwaji. Mun kai littattafan wurin mai awon hatsi a bakin layi, suka tashi kilo 38. Baba ya ce a ninka. Muka tare ɗan ga-ruwa muka ari jarka uku masu lita 25, muka ɗora su cike, kilo 75 ke nan. Auta ya ja layi da fensir a jikin ƙyauren taga daidai bakin katako. Wannan a watan Mayu ne, zafi bai sauka ba. Sati biyu jarkokin nan suna sama, ba wanda ke zama a ƙarƙashi, karatun yara ya koma zaure. Kullum bayan azahar, lokacin da bangon ya fi zafi, Baba da kansa zai shiga da tabarau ya duba layin fensir. Mai jarkoki ya gaji da zuwa tambaya har muka saye su. Ranar ta goma sha biyar Baba ya ce a sauke ruwa, a miƙo masa Jalalaini.

Tun daga lokacin mutane da dama a unguwa sun tambaye mu ko su ma su yi irinta. Amsarmu ba ta canza ba. In buhun hatsi ko injin niƙa ko batirin sola za ku ɗora, ku tafi wurin mai walda, ƙarfe ya fi, kuma in aka lissafa zaren da ya lalace da kuɗin mota da kwanakin da muka yi ba fanka, tamu ta fi ta ƙarfe tsada nesa ba kusa ba. In kuma littattafai ne da takardu da magunguna, robar za ta yi, muddin an zaɓi zaren da ya san zafi. Amma ko wacce za ku sa, ku fara ƙwanƙwasa bangon ku ji. Yawancin gidajen da ruwa ya kwana a cikinsu, filastar ƙasa-ƙasa ta mutu ko da fenti ya rufe ta, kuma mun ga kanta biyu a layinmu, masu ƙafar ƙarfe, da suka fito da fisharsu kamar tamu. Kuma don Allah kada a yi ta saman inda yara ke kwana. Ta Baba ma mun matsar da buzun gefe.

Yanzu Auta ya buga wa gidaje shida, har da wani mai kemis da ya ce ba zai ƙara barin kwalin magani a ƙasa ba. Duk inda zai je aiki, sai ya biya ta wurin dattijon nan ya karɓi guntayen ƙarfe, yanzu kam da kuɗi. Ya fara mayar wa Inna adashinta kaɗan-kaɗan, tana karɓa tana ƙirgawa a gabansa.

Ranar da aka gama jera littattafai, an bar wuri a ƙarshen kantar, wajen dama, daidai faɗin gafaka. Auta ne ya auna ya bari, har ya buga mata ɗan matokari na musamman. Ya ce, "Baba, ga wurin na Kaka." Baba ya dubi wurin, ya dubi ƙusar da gafakar ke rataye tun kafin a haife shi, ya ce a bar ta inda mai ita ya sa ta. Wurin yana nan, kwalbar turare ce a ciki.